Waya ta cinye mana dare, damuwa tana cinye abin da ya rage

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, ina roƙon ka bani ɗan fili a jaridar nan tamu in yi magana a kan wani abu da yake cin mutanenmu na karkara a hankali kuma ba mai lissafa shi cikin ciwo, wato rashin barci. Ni malamin makaranta ne, ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare a wani ƙauye cikin ƙasar Ringim, sannan muna da ɗan shagon cajin waya ni da ƙanena a bakin kasuwa, to kaga abin ta fuska biyu nake ganinsa, ina ganin wayoyin kuma ina ganin masu su.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda dare yake a da. Ana idar da sallar isha'i a ci tuwo, yara su ɗan taɓa wasa a dandali in da farin wata, dattawa su saurari labaran dare a rediyo, kafin ƙarfe goma gari ya yi tsit sai haushin karnuka. Ba wai mutanen da sun fi mu hankali ba ne, a'a, duhu ne yake kora kowa ɗaki, kananzir ɗin fitila ma ba'a son a ƙarar da shi a banza. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 amma shekaru da yawa a wajenmu kira kawai ake da ita sai tocila. Abin ya juya ne da manyan wayoyi masu araha suka cika kasuwa, sola ta shigo, fawa banki ya zama kamar dole, yanzu rashin wutar NEPA baya hana kowa raba dare. Ka fito ƙarfe ɗaya na dare ka bi ta bakin kwalbati inda sabis ya fi kamawa zaka tarar da samari a jere a kan dakali kowa ya sunkuyar da kai, ba mai magana da wani, hasken sikirin ya haske fuskokinsu, sauro na cizonsu suna kora da hannu ɗaya ɗayan hannun yana ta jan bidiyo sama. Wasu TikTok, wasu catin da 'yan mata, wasu sun dawo daga gidan kallon ƙwallo wajen sha ɗaya amma musun bai ƙare ba sun koma da shi Facebook. A 2024 da aka yi guguwar mainin ɗin nan, wato danna sikirin don tara kuɗin intanet, kuwa har dattawa sai da suka shiga danne-danne cikin dare.

Da safe sai abin ya iso shagonmu. Ana fitowa daga masallaci yara suke fara kawo wayoyi, ƙanena yana manna musu lamba da salatif yana jerawa a kan katako, kuma kusan dukkansu a mace suke zuwa, wayar da aka karɓa cike da caji bayan magariba. Ba kira ne ya cinye cajin nan ba. Bayan awa biyu kuma in shiga aji in tarar da sauran labarin, yaro ɗan shekara sha huɗu ido ja wur, ina rubutu a allo kafin in juyo ya kifa kai a kan benci, in na tambaye shi sai yace Malam wallahi fim ne yayana ya turo a memori mai dogon zango, ina cewa in ga ƙarshen wannan kashin sai wani ya fara. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, na san shi tun yana aji ɗaya da kaifin kai, amma abin da aka koya masa jiya ya bi ruwa saboda a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana karatun da aka yi da rana, in ba barci to ba inda karatun zai zauna.

Kada kuma a ɗauka samari ne kaɗai. Iyayenmu mata da ƙannenmu na cikin gida su ma suna ciki, nasu ma ya fi ɓoyuwa saboda a cikin gidan sauro ake yi, gurup ɗin littattafan soyayya na WhatsApp da ake sakin sabon shafi da daddare, da masu karanta littafi a murya, da fina-finan Indiya na fassara. Mace ta wuni tana aiki, daga ɗebo ruwa a famfo sai surfe sai girki sai yara, lokacin da kowa ya kwanta shi ne kaɗai lokacin da take ji nata ne, to wa zai ga laifinta in ta ɗauki waya. Amma ita ce kuma zata fara tashi da asuba ta hura wuta.

Akwai wani abu da yake ƙara rura wutar, kamfanonin sadarwa sun fi sayar da data mai arha a tsakar dare, daga wajen sha ɗaya ko sha biyu zuwa asuba. Tun da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a farkon 2025, talaka sai ya ƙara raja'a a kan ta daren. Yaro yana da naira ɗari ko ɗari biyu, ya san in ya saya da rana ba inda zata kai shi, sai ya jira dare ya raba. Wato shi barcinsa yake bayarwa ciko.

Ya Edita bari in ɗan yi bayanin abin da yake faruwa a jiki kamar yadda nake yi wa ɗalibaina, don mutane da yawa gani suke zancen turawa ne kawai. Allah Ya saka wa ɗan Adam agogo a cikin ƙwaƙwalwa wanda yake tafiya da haske da duhu, kuma ba ƙaramin ilmi ba ne wannan, a 2017 wasu masana uku 'yan Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel ta fannin likitanci suka samu saboda gano yadda agogon nan yake aiki. In duhu ya yi, wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa yana sakin sinadari mai suna melatonin, shi ne yake shaida wa jiki cewa dare ya yi a fara saukowa. Haske yana danne sinadarin nan, musamman haske mai shuɗi-shuɗi irin na sikirin. A ƙarshen 2014 an fitar da wani bincike da aka yi a wani asibiti a birnin Boston, aka sa mutum 12 suna karatu kafin barci, wasu darare a iPad wasu darare a littafin takarda. Da suka yi a sikirin sai melatonin ɗinsu ya yi jinkirin fitowa da wajen awa ɗaya da rabi, barci ya daɗe bai ɗauke su ba, da safe kuma suka tashi jiki a mace. To mu namu ma ya fi muni a ganina, don ɗakunanmu duhu ne ƙirin ba ƙwai ba komai, ƙwayar ido ta buɗe sosai, ga waya an ƙure mata haske an kawo ta dab da hanci.

Amma ni abin da na fi yarda da shi, hasken ba shi ne babban ɓarawon ba. Abin da ake kallo shi ne. Rediyo tana da lokacin rufe tasha, littafi yana da shafin ƙarshe, tatsuniya ma ana cewa ƙurunƙus, amma waɗannan manhajoji da gangan aka ƙera su ba su da ƙarshe, kana gama bidiyo ɗaya wani ya hau, kuma sun san abin da yake tsayar da kai sai su yi ta kawo maka irinsa. Wannan ya baka dariya, na gaba ya ɓata maka rai, na gaba malamai ne ake raddi, na gaba 'yan siyasa, na gaba wani sa'anka ne yana nuna mota a Abuja kai kuma kana kwance a kan tabarma da bashin taki a wuyanka. Zuciyar da aka yi ta girgizawa haka har ƙarfe biyu ta yaya zata kwanta don kawai ka kife wayar?

Likitoci sun ce babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9, matashi ɗan sakandare awa 8 zuwa 10. Mu kuma asubarmu bata matsawa, tsakanin biyar saura da biyar da rabi ladan zai kira duk shekara. Wanda ya ajiye waya ƙarfe biyu awa uku ya samu kenan. Ɗan birni wataƙila ya koma bayan sallah ya rama, mu fa? In damina ce gona tana jira tun da sanyin safiya, in rani ne ga ban ruwan shinkafa da alkama a fadama, in ranar kasuwa ce ga lodi. An taɓa yin bincike a Ostareliya aka ga mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, saurin hankalinsa da na hannunsa yana raguwa ya koma daidai da na wanda ya ɗan sha giya. Ka tuna da wannan duk sanda ka hau bayan ɗan acaɓa da sassafe ko ka shiga motar kasuwa, mutumin kirki ne mai sallah wanda ko warin giya bai sani ba, amma rashin barci ya mayar da shi haka a kan titi da rayukan mutane a hannunsa.

Sai dai fa in ɓera da sata daddawa ma da wari, kuma nan ne nake so masu karatu su tsaya da ni. Dattawa suna cewa yaran yanzu waya ta lalata su, a ƙwace wayoyin a huta. To magidancin da yake da 'ya'ya takwas, mai furfura a gemu, shi me ya hana shi barci? Na san su da yawa, ba TikTok ne ya dame su ba. Ya kwanta tun ƙarfe goma amma ido ya ƙeƙashe, sai saƙa da warwara, buhun masara saura kwano nawa, kuɗin taki, auren 'ya ya matso ba gado ba katifa, mai shago ya fara aiko yaro. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota da na injin ban ruwa da na niƙa duk suka tashi, kafin nan ga wahalar canjin kuɗi, kafin nan kuma ga ambaliyar 2022 da ta shanye gonaki a Ringim da Auyo da Kafin Hausa har Haɗeja, akwai waɗanda har yau basu miƙe daga ita ba. Irin wannan mutumin in ya gaji da juyi sai ya laluba ƙarƙashin filo ya jawo waya don ya gudu daga tunaninsa. Wato damuwa ce ta kai shi ga waya, wayar ta ƙarasa kashe ɗan barcin da ya rage, gobe ya tashi da damuwar da ta fi ta jiya.

Wannan ma yana da bayani a jiki. In mutum ya shiga tsoro ko matsi, wasu 'yan ƙullutai da suke saman ƙoda suna sakin sinadarai, adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, sukari ya ƙaru a jini, jiki ya ɗaure. Rahama ce wannan in maciji ka gani a kunya ko gobara ta tashi, yana baka ƙarfin gudu, in abin ya wuce sai jiki ya sauka. Ka'idar kotisol ya yi yawa da safe ya ragu da dare. Amma bashi da cefane ba sa wucewa kamar maciji, kullum suna nan, sai jiki ya zama kamar injin ban ruwan da aka bari yana ta aiki dare da rana ba'a kashe shi ya huce, ƙarshensa kowa ya sani. Daga nan sai ciwon kai, wuya ya riƙe, ƙirji yana bugawa, ciki yana zafi a ce olsa ce, abinci ya fita daga rai, mutum yace yana jin kamar wani abu yana yawo a jikinsa ko tsakiyar kansa yana zafi. Sai a tafi kemis a ce taifot ne da maleriya, a yi allurai a sha ƙwayoyi, bayan sati biyu a sake komawa a sake cewa taifot ne. Ba mai tambayarsa yaya barcinka, me yake damunka.

Rashin barcin kuma shi da kansa yana taɓa hali. A 2007 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun hana wasu matasa barci dare ɗaya sannan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna nuna musu hotuna masu tayar da hankali, sai aka ga ɓangaren da yake kula da tsoro da fushi ya ƙara zabura da kusan kashi 60 cikin ɗari, ɓangaren gaba mai taka masa birki kuma ya yi sanyi. Ni da na karanta wannan sai na tuno rigingimun da ake kawowa ƙofar gidan mai unguwa, miji ya ɗaga murya a kan gishirin miya, mata ta daki yaro dukan da ya wuce laifinsa, wa da ƙani sun kusa dambe a kan iyakar gona da suka shekara ashirin suna noma lafiya. Ban ce duka rashin barci ne ba amma wallahi yana ciki. Kuma bincike da yawa da aka tattara sun nuna mai fama da rashin barci na dogon lokaci haɗarin ya kamu da ciwon damuwa mai tsanani ya ninka na mai barci lafiya sau biyu.

Akwai abin da ba zan iya tsallakewa ba ko da yake yana da nauyi a baki. A watan Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a garin Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, nan maƙwabtanmu, mutane sama da 150 suka rasu, Allah Ya jiƙansu Ya sa sun huta. Kafin gari ya waye bidiyon ya shiga kowace waya, ba'a rufe komai ba, ana ta turawa gurup-gurup har wayoyin da yara suke ɗauka. Na san mutanen da suka yi makonni in sun rufe ido abin suke gani, na san ɗalibar da ta daina yarda ta kwana ita kaɗai. Haka ake yi da bidiyon 'yan bindiga da na haɗarin mota, mutum yana kwance ƙarfe sha biyun dare sai gawa ta faɗo masa a tafin hannu. Don Allah 'yan uwa mu daina tura irin wannan, ba ladan da ake samu, cin mutuncin mamaci ne kuma cutar da mai rai ne, in addu'a kake so a yi rubuta a yi addu'a ya wadatar.

To in abin ya yi nisa me muke cewa? In saurayi ne mu ce lalaci ne ko shaye-shaye ya fara. In mace ce ta yi shiru ta daina walwala tana kuka ba dalili mu ce iska ce ko kishiya ta yi mata sammu. In magidanci ne mu ce ya rasa tawakkali. Wannan ta ƙarshen ita ta fi min ciwo, don tana sa mutum ya haɗiye abin da yake ji saboda kunya. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, wa zai ce ba shi da tawakkali? Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, shekarar da ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib ana kiranta shekarar baƙin ciki. Addu'a da azkar da karatun Alƙur'ani suna sanyaya zuciya, ni shaida ne, amma ba su hana a je asibiti ba kamar yadda ba su hana mai hawan jini shan maganinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, wajen mutum miliyan 970, mafi yawa fargaba da ciwon damuwa ne, ba hauka tuburan ba irin wanda muke tunani. Ta kuma ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana shiga irin wannan hali bayan haihuwa. Mai jego da jariri yake tayar da ita sau huɗu a dare, ga wankan jego ga baƙi ga gori in ta yi kuka, wannan taimako take buƙata, a karɓar mata yaron ta samu ta runtsa, a kuma saurare ta.

Abin da yake bani tsoro shi ne hanyar da matasa suka ɓullo da ita. Da safe a kora lemon ƙara kuzari ko shayi mai kauri da Nescafe don ido ya buɗe, wasu har tiramol don a iya aikin gona, da dare kuma ido ya ƙi rufuwa sai a nemi ƙwayar barci a kemis ba takardar likita. Sinadarin da yake cikin kofi da shayi da goro yana ɗaukar wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, kaga wanda ya zauna teburin mai shayi ƙarfe tara na dare ya sha mai kauri ya riga ya sayar da rabin darensa. Ƙwayoyin barcin nan kuma irin su diazefam jiki yana sabawa da su, yau ɗaya gobe biyu, ranar da babu sai abin ya fi da muni. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, kuma binciken da aka yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 suna ta'ammali da ƙwayoyi. Muna yawan zagin yaran nan amma ba ma tambayar ta ina suka fara, wasu daga neman barci suka fara.

A watan Janairun 2023 shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa. Abu ne mai kyau amma har yanzu bamu ji ɗuriyarta a ƙauye ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan gaba ɗaya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma a birane suke. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, akwai sashe a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, amma mutumin ƙauye in ka ambaci Dawanau gani yake ka zage shi, ga kuɗin mota, saboda haka ba'a zuwa sai an kai ga ɗaure mutum da igiya. Ni roƙona ga gwamnatocin Jigawa da Kano bai kai gina sabon asibiti ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsari tun 2008 mai suna mhGAP na koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya gane ciwon damuwa da fargaba da ba da taimakon farko. A horar da malaman asibitinmu na mazaɓu da ungozomomi a kan wannan, ya zama duk wanda ya zo da ciwon kai da ciwon jikin da ya ƙi jin magani, ko mai jego ta kawo yaro rigakafi, a tambaye su barci da abin da yake ransu kamar yadda ake auna jini.

Malamanmu limamai ku ma da naku. Addininmu ya riga kowa magana a kan wannan, Allah Ya faɗa a Suratun Naba'i cewa Ya sanya barcinmu hutu, dare sutura, rana kuma lokacin neman abinci, kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi yana ƙin barci kafin isha'i da hira bayanta. Sahun asuba ya ragu a masallatanmu kowa ya gani, amma maimakon a tsaya a faɗan ba'a zuwa sallah, a yi huɗuba guda a kan dare kansa da haƙƙin da jiki yake da shi a kan mai shi, a kuma faɗa wa mutane daga kan mumbari cewa zuwa asibiti saboda damuwa ba raunin imani ba ne. In liman ya faɗa sau ɗaya ya fi ni in faɗa sau ɗari.

Iyaye kuma, yaron goye da ake miƙa wa waya don ya yi shiru, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce jariri da ɗan shekara ɗaya kada a ba su sikirin sam, daga shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a wuni. Manyan kuma ba ƙwace waya ne maganin ba don da ita ake karatu da ciniki da tura kuɗi da jin muryar ɗan da ya tafi ci-rani Legas, lokaci za'a yanka mata, kuma uba ba zai ce yaro ya ajiye ba shi yana riƙe da tasa. Akwai wasu magidanta a garinmu da suka juya lokacin cajinsu, maimakon su kawo da safe sai su kawo in za su sallar isha'i su bar ta ta kwana a shago a kulle, su karɓa bayan asuba, ƙaramar wayar kira kawai suke bari a gida saboda larura. Ɗaya daga cikinsu, wani baba manomin shinkafa, yace min Malam daren farko kamar na yi hauka hannuna yana ta laluben ƙarƙashin filo, amma kafin sati ya zagayo matata da kanta tace na rage faɗa. Wanda ba zai iya haka ba ko a cikin akwati ya kulle ta awa ɗaya kafin kwanciya, ya sayi 'yar tocila ta daban don kada fita fitsari ya zama dalilin buɗe WhatsApp, ladan kuma ya ishe mu agogo. A rage shayi mai kauri da goro daga la'asar. Ƙailula in an samu a yi ta gajeriya kada ta kai yamma. Hasken safiya da yake saita agogon jiki kuwa mu a ƙauye kyauta muke samunsa.

Ita kuma damuwar a fitar da ita da baki tun da rana, a majalisa ko wajen amini ko ɗan uwa ko miji da mata a tsakaninsu, magidanta musamman, mun iya zancen siyasa da farashin taki na awa uku amma mutum ba zai iya cewa abokinsa ni fa kwanan nan bana barci ba. In ka ga ɗan uwanka ya kai sati biyu ba walwala, ya bar abin da ya saba so, ya rage cin abinci, ya janye daga mutane, ko ya fara cewa gara ma ya mutu ya huta, kada a ce wasa yake kuma kada a yi masa wa'azi kawai a tashi, a zauna da shi, a kawar da maganin ƙwari da fiya-fiya daga inda hannunsa zai kai, a raka shi asibiti a ranar.

Kamfanonin sadarwa kuma ina roƙonsu su duba, garaɓasar da suke bayarwa ƙarfe ɗayan dare su raba ta su kawo wani kaso da rana ko da hantsi ne, ɗalibi ya samu ya sauke karatunsa ba sai ya kwana zaune ba, NCC tana da bakin da zata yi musu magana. Kai kuma ya Edita, jaridarku ana karanta ta a waya har ƙauyukanmu, ku ware shafi ko sau ɗaya a wata ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa ya amsa tambayoyin mutane da Hausa ba tare da an buga sunan mai tambaya ba, ku kuma turo wakilinku ya zaga ƙananan asibitocinmu na Ringim da Taura da Garki da Ɓaɓura ya tambayi ma'aikatan mutum nawa suke zuwa musu da zancen rashin barci a wata, da abin da suke ba su in sun zo.

Na gode da wannan fili, Allah Ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin makaranta,
daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.